Scratch, Minecraft, LEGO ko Katin Kwali: Da Wanne Makaranta Za Ta Fara?

Wata Asabar bayan an tashi daga taron iyaye da malamai, shugabar makarantarmu ta aika a kira ni ofis. 'Yan kuɗi ne suka taru a asusun iyaye, ba wasu masu yawa ba, kuma an amince a kashe su wajen koya wa yara kimiyya da fasaha ta hanyar wasa. Wanda ya kawo shawarar wani uba ne da ya je Abuja ya ga yaran wata makarantar kuɗi suna tuƙa 'yar motar LEGO da kwamfuta, abin ya tsaya masa a rai. "Malam, kai ne na kwamfuta," in ji ta, "faɗa mini abin da za mu saya." Na ce, "Hajiya, a ba ni mako guda tukuna." Mako gudan nan ya zama wata guda, domin kowanne na ɗauko sai na ga yana da inda yake ciwo.

Ga halin da muke ciki, don mai karatu ya gwada da nasa. Ajin ƙaramar sakandare ɗaya a wurinmu ya haura yara 60. Laftof 12 gare mu, 9 ke tashi. Wuta takan zo ne lokacin da ta ga dama, janareta kuma sai ranar jarrabawa ake zuba masa mai. Data daga aljihun malami take fita.

Kafin a yi maganar kaya, a tuna inda ƙofar take. Yaron da zai zama injiniya ko likita ko masanin kwamfuta, a shiga SS1 ake raba masa hanya, ranar da aka ce wannan ajin kimiyya wancan ajin adabi. Daga nan sai kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, sai JAMB, inda mai neman injiniyanci zai zauna wa Turanci da lissafi da Fiziks da Kemistiri. Tun 2015 kuwa a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB. Jihar Kano ta gane muhimmancin wannan mararraba tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, amma waɗancan sukan ɗauki yaron da ya riga ya nuna kansa ne. Aikin wasa a aji shi ne ya kamo wanda bai nuna ba, yarinyar da ke zaune a bencin baya tana cewa ita lissafi ba ya shiga kanta. Don haka tambayoyi biyu na riƙa yi wa kowane kaya: hannun yara nawa zai taɓa shi a mako, kuma yaron ƙirƙira zai yi da shi ko kallo da dannawa kawai?

Na fara da wanda ba a saye, domin shi ne aka fi rainawa. Akwai tarin wasannin da ake kira CS Unplugged, waɗanda Tim Bell na Jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand ya tsara tare da abokan aikinsa Ian Witten da Mike Fellows, don koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba. Kyauta ake sauke su. Mafi sauƙi shi ne na kati biyar. Ka yanka kwalin indomi, ka ɗiga ɗigo 1 a na farko, 2 a na biyu, sai 4, sai 8, sai 16. Yara biyar su fito gaban allo kowa da katinsa. Ka ce wa aji, "Ku ba ni 13." Sai ihu ya tashi, mai 16 ya kife nasa, mai 8 ya buɗe, mai 4 ya buɗe, mai 2 ya kife, mai 1 ya buɗe. Buɗaɗɗe 1, kifaffe 0, ga 01101 a allo, kuma aji guda ya koyi yadda kwamfuta ke ƙirga ba tare da an ambaci wata babbar kalma ba. Kati biyar ɗin nan suna kaiwa har 31. Idan ka tambaya ɗigo nawa kati na shida zai ɗauka, ka lura da wanda ya fara cewa 32. Sau da yawa ba ɗan gaban aji ba ne.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na sihiri. Katuna ne masu fuska biyu, baƙi da fari. Yaro ya jera 25, biyar-biyar, yadda ya so. Malam ya ce bari ya ƙara layi ɗaya a gefe da ɗaya a ƙasa "don abin ya ƙara wuya", alhali yana daidaita su ne yadda baƙaƙen kowane layi za su rabu biyu ba saura. Ya juya baya, yaro ya kife kati ɗaya, malam ya juyo ya nuna shi nan take, domin layi ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance sun tashi daga cika zuwa mara, inda suka haɗu nan ne. Ranar da na fara yi wani yaro ya ce wallahi Malam yana da rauhanai. Da irin wannan dabara na'urori ke gane saƙo ya lalace a hanya, kuma 'yar'uwarta ce ke sa lambar ƙarshe ta katin ATM ta tona asirin wanda ya yi kuskuren rubuta sauran.

Mu ma muna da namu. Darar da dattawa ke yi a gindin bishiya, gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ka jera uku ka ci na abokinka, tunanin "in na sa nan zai sa can, to sai in yi kaza" ne zalla, kuma shi ne tunanin da mai rubuta manhaja ke yi. Ka sa yara su rubuta dokokin dara ɗaya bayan ɗaya yadda baƙon da bai taɓa gani ba zai bi ba tare da ya yi tambaya ba, za ka ga gumi.

Wannan hanya ita kaɗai ce ke ɗaukar yara 60 a lokaci guda, ba ruwanta da wuta. Lahaninta biyu. Iyaye ba sa ganin inda kuɗinsu ya shiga, kwali kwali ne. Na biyu ya fi nauyi: yaro zai iya gama duk wasannin nan bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar JAMB kuma hannunsa ya riƙa rawa. Wasannin ma sukan ƙare, zango ɗaya ya ishe su.

Scratch, manhajar da yara ke koyon ba kwamfuta umarni da ita, shi ne na biyu, kuma in faɗi gaskiya tun da wuri, nan zuciyata ta karkata. Rukunin Mitchel Resnick ne na jami'ar MIT a Amurka suka fitar da shi a 2007, don yara masu shekara 8 zuwa 16, kuma sigar da ake amfani da ita yanzu ta fito ne a farkon 2019. Kyauta ne. Ana sauke shi sau ɗaya a zuba a filash a raba wa duk kwamfutocin makaranta, daga nan ba ya neman intanet. Ba a rubuta umarni da haruffa, tubala ne masu launi ake jawowa a haɗa, shuɗi na motsi, ruwan ɗorawa na farawa, na lemo na maimaitawa da sharaɗi, kuma tubalin da bai dace da wani ba ba zai ma shiga ba. Ana iya sauya harshensa, akwai Faransanci ga makarantun Maradi da Damagaram, akwai Larabci, har Hausa tana cikin jerin.

Bambancinsa da sauran shi ne yaro ba ya buga wasan wani, nasa yake ginawa. Wata yarinya a JSS2, wadda malamin lissafi ya riga ya sallama, ta ce ita wasan akuya za ta yi: akuya tana cin ganyen da ke faɗowa daga sama, idan ta ci leda maki ya ragu. Ta zana akuyar da kanta, ta fi kama da kare, amma ba komai. Matsala ta zo da ta so akuyar ta tafi hagu. Filin Scratch daga 240 yake a dama zuwa -240 a hagu, daga 180 a sama zuwa -180 a ƙasa. Ta sa "ƙara 10", akuya ta yi dama. Ta sa sifili, akuya ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce a hankali, "Malam, ko in sa mai ɗan karan nan a gaba?" Ta sa -10, akuya ta juya hagu. Lambobin ƙasa da sifili da aka yi zango guda ana fama da ita a kansu, akuya ta koya mata a minti 20, domin a karon farko tana da abin da take so ta yi da su.

Amma kada a ɗauka Scratch yana koyar da kansa. Ka bar yara da shi ba aiki a gabansu, za su ƙare darasi suna canza wa kyanwar da ke fitowa a allon Scratch launi suna sa ta kuka. Sai malam ya zo da aiki ƙayyadadde: yau kowa zai sa abu ya faɗo daga sama, mako mai zuwa za a ƙirga maki. Sannan ga rabon kwamfuta. Laftof 9 ga yara 60 ba ya yiwuwa, sai an kasa aji biyu, rabi suna kan kwali ko suna zana wasansu a takarda, rabi suna kan na'ura uku-uku. A cikin ukun nan kuwa, in ba a sa ido ba, wanda gidansu akwai kwamfuta shi zai ƙwace linzami, sauran su zama 'yan kallo, kuma kusan kullum namiji ne. Dokar da na kafa ita ce duk minti 10 in buga tebur a sauya mai riƙewa, wanda ya iya kuma ya yi bayani da baki, hannunsa a aljihu. Duk wanda ya ce yana son faɗaɗa dama amma bai kula da wannan ba, dara ce za ta ci gida, zai ƙara wa mai shi ne kawai.

Daga Scratch hanya a buɗe take. App Inventor, shi ma a hannun MIT yake, tubala ne irin waɗannan amma manhajar waya ake haɗawa da su. A 2018 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha sun ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka da manhajar waya mai gano jabun magani. Nakan ba 'yan matan ajinmu wannan labari, don su san ba daga wata duniya ake zuwa da masu yi ba.

Na uku ɗan allo ne da bai kai katin ATM girma ba, micro:bit. BBC ce ta jagoranci yin sa, aka raba kusan miliyan ɗaya kyauta ga 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya a 2016. Yana da 'yan fitilu 25, maɓalli biyu, yana jin girgiza, yana auna zafi da haske, yana nuna alƙibla, yana kuma aika saƙo ga ɗan'uwansa ta rediyo. Sigar 2020 ta zo da lasifika da makirfo. Da tubala ake ba shi umarni kamar Scratch, kuma da zarar an zuba masa, sai a cire shi daga kwamfuta ya ci gaba da aiki da ƙananan batir biyu irin na rimot. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da wuta ba ta da tabbas. Darasin farko yara sukan mayar da shi ɗan ludo, a girgiza ya nuna lamba daga 1 zuwa 6. Daga baya a soka ƙusa biyu a tukunyar shuka a haɗa da waya, ya riƙa nuna alama idan ƙasa ta bushe. Ɗan manomin rani da ya ga wannan ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin injiniyanci.

A nan ne kaɗai cikin masu araha yaro ke haɗa umarni da waya da wutar lantarki, wato ya leƙa Fiziks ta taga. Sai dai daga waje ake shigo da shi, da dala, kuma ƙanƙantarsa ita ce illarsa, aljihu yana ɗaukarsa. A rubuta wa kowanne lamba, a ƙirga kafin a tashi. Ban kuma ga amfanin sayensa ba ga makarantar da yaranta ba su yi zango guda a Scratch ba.

Sai Minecraft, wasan gine-gine da tubala a allo, wanda yaran birni suka riga suka sani a wayar iyayensu. Kamfanin Microsoft ya sayi Mojang, masu wasan, a 2014 kan dala biliyan 2.5, ya kuma fitar da sigar makarantu a ƙarshen 2016. Ba zan rage masa komai ba, a jan hankali babu na biyunsa. Yara sukan shiga duniya ɗaya su gina gari tare, akwai teburin da ake haɗa sinadari tun daga ƙwayoyin zarra, akwai ɗan aike da ake ba umarni da tubala ya yi gini. Idan malami ya ƙware, darasin faɗi da tsawo da zurfi yakan zama abin da ake gani da ido.

Matsalarsa a wurinmu lissafin kuɗi ne da na kaya. Lasisi ake biya a kan kowane ɗalibi, duk shekara, da kuɗin waje, ranar da aka daina biya kuma an rufe ƙofa. Kowane yaro sai da asusun shiga, shigar kuma tana son intanet. Tsofaffin laftof irin namu da ƙyar suke jan sa. Sannan wasa ne na mutum ɗaya da na'urarsa, uku-uku ba ta yi masa daɗi. Yaron da bai taɓa kwamfuta ba zai ci makonni yana koyon tafiya da maɓallan W, A, S, D a hannun hagu da linzami a dama, yayin da ɗan gata ya riga ya gina bene. Tazarar da ake son ragewa sai ta ƙara faɗi a gaban idonka. Kuma gina katafaren gida a Minecraft daɗi ne da shi, amma ba kowane daɗi ne darasi ba. Makarantar da ke da kwamfuta ga kowane yaro da intanet tsayayye da malamin da ya zauna ya shirya, ta saya, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Mu ba mu kai nan ba.

To, LEGO ɗin da uban nan ya gani fa? Gasar FIRST LEGO League ta fara ne a 1998, a Najeriya kuma gidauniyar Coderina ce ke shirya ta. Ƙungiya ba ta wuce yara 10, su haɗa mutum-mutumi su ba shi umarni, ya yi ayyuka a kan tebur cikin minti biyu da rabi. Yaran da suka shiga sukan fito da abin da babu mai ƙwace musu, sun san giyar inji da injin juyawa, sun san abu ya ƙi aiki sau 30 a gyara, sun tsaya gaban alƙalai sun yi bayani. A zurfin ilimi ga wanda ya samu, shi ne kan gaba. Amma akwati ɗaya na SPIKE Prime, kayan LEGO na haɗa mutum-mutumi, ɗaruruwan daloli ne, guntayen cikinsa sun haura 500, ɗaya ya ɓace aiki ya tsaya, ga kuɗin rajista da na mota zuwa wurin gasa. Kamfanin LEGO ma ya daina yin Mindstorms, wani kayansa na mutum-mutumi, a ƙarshen 2022, waɗanda suka zuba kuɗi a kansa suna ji suna gani. Kuɗinmu kaf akwati ɗaya za su saya. Yara 10 cikin sama da 400, kuma kowa ya san waɗanda za a zaɓa, su ne dai masu zuwa na ɗaya zuwa na goma, waɗanda ko ba LEGO ajin kimiyya za su shiga. Hoton zai yi kyau a allon talla na bakin ƙofa, wannan kam babu musu.

Kahoot da ire-irensa ba zan daɗe a kansu ba. Daga Norway ya fito a 2013, kacici-kacici ne a majigi, yara suna amsawa da waya, mai sauri ya fi maki. Yana da kyau wajen bitar jarrabawa, amma yana son intanet da waya a hannun kowa, kuma wanda ya riga ya sani shi yake ci. Wanda ya fi shi amfani ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji shi ne PhET, gwaje-gwajen kimiyya a allon kwamfuta, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a Fiziks, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002. Kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki ba intanet, yaro ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a allo, ya ƙara ƙarfi har abin ya kama wuta ba wanda ya ƙone. A zuba shi a filash ɗaya da Scratch.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ya cikin jerin nan. Shirin nan na laftof ɗaya ga kowane yaro, wanda aka gwada har a wata firamare a Galadima ta Abuja a 2007, ƙasar Peru ta rungume shi ta raba na'urori dubu ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika ya fitar da sakamako a 2012, bai ga makin yara ya ƙaru a lissafi ko karatu ba. An kai kaya, ba a shirya malamai yadda ya kamata ba. Duk wanda ya zaga makarantunmu ya san ɗakin kwamfutar da aka buɗe da biki, yau makullinsa yana aljihun wani, ƙura ta rufe komai. Shi ya sa na ce wa Hajiya ko me za a saya, a ware wani abu na malamai biyu da za su zauna su koya, kuma a sa darasin cikin jadawali. Idan aka mayar da shi kulob na bayan tashi, 'yan mata ne za su fara zamewa, domin aikin gida da Islamiyya suna jiransu, wasu kuma talla.

Ga wanda ba shi da kwamfuta ko ɗaya, ya fara da kwali da dara gobe da safe, ya riƙa tara kuɗin tsofaffin laftof ko da biyar ne da ƙaramar sola. Mai 'yan kwamfutoci da wuta mai yankewa, Scratch da PhET, shekara ta biyu ya ƙara micro:bit. Minecraft da LEGO na wanda ya riga ya wuce waɗannan ne kuma kuɗi suka yi saura, ko wanda ya samu mai ɗaukar nauyi da zai biya shekara da shekaru, ba sau ɗaya don hoto ba.

Mu dai gyaran laftof ukun nan muka yi, muka sa sola da batirin da zai riƙe su awa uku, muka sayi micro:bit 10, ragowar aka ba ni da malamar lissafi muka yi hutun zango muna koyo. Uban da ya kawo shawara bai ji daɗi ba, ya ce shi mota ya gani a Abuja, mu kuma mun kawo masa kwalin indomi. Ranar taron iyaye na gaba 'yarsa ta shimfiɗa katuna 36 a kan teburin Hajiya, ta juya baya ta ce, "Baba, kife ɗaya." Ya kife, ta juyo ta ɗora yatsa a kai. Ya sake, ta sake. Sau huɗu suna yi, har ya cire hula ya duba ko akwai madubi a bango. Ya tambaye ni yadda take yi, na ce ya tambaye ta, ita kuma har yau ta ƙi faɗa masa.